Kwana Huɗun da Tarakta Ta Yi a Gindin Ɗorawa

Jiya ɗaya daga cikinku, ku masu koyon aikin kwamfuta a shagon nan, ya tambaye ni, yana dariya, wai me ya sa nake tilasta muku karanta furogiram da biro a hannu kafin ku kunna shi. Ya ce ai sai an gwada akan san na ƙwarai, a sake shi kawai ya yi ta gudu, in mai tsayawa ne za a ga ya tsaya. Wani kuma ya ɗora da cewa in ma ana tsoron ɓata lokaci, sai a rubuta wani furogiram ɗin da zai kwaikwayi na farkon, ya bi shi taki bayan taki, ya dawo ya faɗi ko zai ƙare ko ba zai ƙare ba. Kuka tafa masa. Ni kuwa na fita waje na yi ta zagaye bakin shago kamar mai jiran mota. Ba rashin amsa ba ne. Wannan dabarar taku na riga ku yin ta, kuma akwai wadda ta rasa masarar shekara guda saboda ita.

Ni a ofishin wani kamfanin gurzar auduga na koyi wannan sana'a, nan Funtua, lokacin da kwamfuta ɗaya ce tal a duk ginin, ana lulluɓe ta da zane in an tashi aiki. Allonta baƙi ne, rubutun kore. Babu wani hoto, babu abin taɓawa da yatsa. Aikinka kana ajiye shi a faifai ɗan murabba'i wanda in ƙurar auduga ta shige shi ya mutu da duk abin da ke cikinsa, shi ya sa muke sa su a gwangwanin madara mai murfi. Firinta kuwa in ta fara kuka, masu gadi a bakin ƙofa sun san an gama wani aiki. Maigidana Malam Tukur, mutumin Malumfashi, ba ya barin ka taɓa madannai sai ka rubuta abin da kake nufi a takarda, ya bi shi da jan biro. Wata uku na yi ina shara da goge tebur da kwafe masa rubutu kafin ya yarda na zauna a kujerar.

Akwai wani aiki da ya bar min tsaronsa a shekarata ta farko. Ya rubuta furogiram da zai tsara hanyar da motocin kamfani za su bi su kwaso auduga daga ƙauyuka, ya kunna shi, ya tafi gida jana'iza, ya ce kada in taɓa komai. Yini ɗaya, yini biyu, allo bai canza ba, sai ɗan ɗigon nan yana ƙiftawa. Na ce a raina wannan ta daskare, bari in taimaki maigida. Na kashe. Da ya dawo bai zage ni ba, ya dai dube ni ta saman tabarau ya ce, "Lawal, saura masa daga azahar zuwa la'asar." Ya sake kunnawa daga farko, muka sake zaman kwana biyu, kuma wallahi ana kiran la'asar ta kwana na uku firinta ta fara kuka. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce kowane zagaye furogiram ɗin yana cire ƙauye ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, ba ya mayarwa, kamar mai awo daga buhun da ba a ƙara masa. Buhu irin wannan dole ya ƙare, in ka san yawan kwanonsa ka san ranar. Ni kuma kunya ta toshe min kunne. Abin da na ɗauka na tafi da shi shi ne kada ka kashe, ka yi haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse. Rabin karatun na ɗauka, na bar rabin da ya fi amfani a wajen malam.

Da kamfanin ya rufe na buɗe shagona. Masu zuwa wurina iri-iri ne. Hedimasta yana son jadawalin darussa wanda malamin lissafi ba zai faɗo aji biyu a lokaci ɗaya ba. Mai sayar da iri yana son sanin wane buhu ya fi daɗewa a sito. Duk cikinsu babu wanda yake faɗa maka abin da yake so a zama ɗaya, sai ka gama ya ce ai na manta, ranar Juma'a ba a darasi bayan sha biyu. Wannan shi ne aikin da ba ku gani. Danna madannai kowa ya iya, fitar da magana daga cikin mutum shi ne wahala.

Aikin da nake son ba ku labarinsa Alhaji Sule ne ya kawo shi, ciyaman na wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye gaba da Gozaki. Ƙungiyar tana da tarakta guda ɗaya, manoma kuma sun haura arba'in. A daminar da ta gabata an yi rigima a kan wa za a fara yi wa kaftu, har aka kai ga Dagaci, ana zargin ciyaman da fifita danginsa. Sai suka yi alkawari a gaban Dagaci cewa bana tarakta ba za ta motsa ba sai da takardar da kwamfuta ta fitar, tunda ita ba ta da ƙani ba ta da suruki. Aka ɗauki makullin aka ba Dagaci ajiya. Kowane manomi kuma aka ce ya je ya faɗa wa sakatare sharaɗinsa. Wani ya ce ban da ranar kasuwa, wani ya ce gonakinsa biyu a haɗa su rana ɗaya, wani ya ce kada a yi masa kafin wane. Sakatare ya rubuta duka, shafi huɗu, Alhaji Sule ya ajiye min a tebur.

Ya ce, "Injiniya, akwai guda ɗaya da nake so ka sa a ranka. Inna Hajara, matar marigayi Ɗanlami. Gonarta a gangaren fadama take, laka ce. In aka yi ruwa biyu masu ƙarfi tarakta ba ta shiga sai baɗi. Marayu biyar take ci da su daga gonar nan."

Na ce ba komai Alhaji, na sa mata sharaɗi a cikin kwana uku na farko.

Furogiram ɗin da na rubuta ba wani abin a zo a gani ba ne. Zai yamutsa sunayen, ya jera su, ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. In ya ga wani ya shiga gaban wanda bai kamata ba, ya musanya su, ya sake dubawa. In ya daɗe yana musanyawa bai daidaita ba, ya watsar ya sake yamutsawa daga farko. Ba zai buga komai ba sai duk sharuɗɗan sun cika. Na gwada shi da sunaye goma na ƙirƙira, kafin in ɗaga kofin shayi ya gama. Na shigar da shafi huɗun nan ina hira da maƙwabcina, ban tsaya karanta abin da nake bugawa ba. Ranar Asabar da hantsi na kunna. A ranar da yamma aka yi ruwan shuka na farko.

Lahadi da safe Alhaji Sule ya kira. Na ce saura kaɗan. Ban san saura kaɗan ba ne, bakina ne ya faɗa. Na zauna gaban allo ina kallon lambar da ke ƙirga yawan jeri da ya gwada, tana gudu kamar mitar gidan mai. In na tashi zan ci abinci sai in ji kamar yanzu zai tsaya, in dawo da kwanon a hannu. An ɗauke wuta, na tayar da janareto. Hannuna ya kai kan makunni ya fi sau goma, kowane karo sai in ji muryar Malam Tukur yana cewa saura masa daga azahar zuwa la'asar, in janye hannun.

Litinin ce na yi irin dabararku. Na aro wata kwamfutar da ta fi tawa gudu wajen wani abokina mai buga katin biki, na rubuta furogiram na biyu, na sa masa suna mai duba. Aikinsa ya ɗauki na farkon ya kwaikwaye shi, ya bi duk takin da zai yi, in ya kai ƙarshe ya faɗa min a taki na nawa ne, in san ko jira zan yi ko kashewa. Har na sa masa wayo, in ya ga jeri ɗaya yana ta dawowa a zagaye ya yi min ishara. To amma nawa furogiram ɗin yamutsawa yake sabo kowane lokaci, da sunaye arba'in da ɗoriya kuwa jerin da za a iya yi ya fi ƙasar Funtua yawa. Kafin la'asar mai duba ya cim ma na farkon ya wuce shi, ya ci gaba da gudu, bai ce uffan ba. Na wayi gari da allo biyu ina kallo maimakon ɗaya, in dubi wannan in dubi wancan, wuyana har ya ƙage.

Alhaji Sule ya daina gaisuwa in ya kira. Ya ce, "Injiniya, direba yana zaune a gindin ɗorawa tun shekaranjiya yana cin gyaɗa. Mutane suna wucewa suna kallon tarakta suna kallona. Inna Hajara ta aiko sau biyu. Ka faɗa min gaskiya, zai fito ko ba zai fito ba?"

Na ce, "Alhaji, yana kan aiki."

"Na san yana kan aiki. Yaushe zai gama?"

Na ce masa zan kira shi. A lokacin tsoro ya kama ni sosai, domin na gane cewa wannan tambayar tasa ba ni da amsarta, kwamfutoci biyun da ke gabana ma ba su da ita.

Talata da sassafe na kwashi shafi huɗun nan na hau motar Malumfashi. Malam Tukur ya daɗe da barin aiki, idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaure da rediyo. Ko gaisuwa ban iya ja ba, na zayyana masa komai har da mai duban da nake taƙama da shi. Ya yi dariyar da ba ta da sauti.

Ya ce, "Lawal, ka aiki mutum ya bi wani matafiyi a baya, ya dawo ya faɗa maka inda ya yada zango. To in matafiyin ba ya yada zango fa? Yaushe ɗan aikenka zai dawo?"

Na ce ai in ya daɗe bai dawo ba, na san ba zango.

"Daɗewa nawa? Kwana biyu? Kai ne ka kashe min aiki a kwana biyu. Kwana goma? Wataƙila a na sha ɗaya zai sauka. In ya tsaya, ka sani ya tsaya. In bai tsaya ba, abin da ka sani kawai shi ne har yanzu bai tsaya ba. Kwaikwayo ba ya ba ka fiye da haka, ko da kwamfutar da ta fi kowace gudu."

Na ce to a rubuta mai duba mai hankali mana, wanda ba bin baya zai yi ba, ya kalli kowane furogiram ya yanke masa hukunci.

Ya ce, "Kawo shi. A ce ka rubuta, ba ya kuskure, ba ya jinkiri. Ni kuma sai in rubuta ɗan gardama. Aikinsa ɗaya, ya je wajen mai dubanka ya ce, ni fa, zan tsaya? In aka ce masa za ka tsaya, sai ya kama zagaye har abada. In aka ce ba za ka tsaya ba, sai ya tsaya nan take. To me mai dubanka zai ce masa ya zama gaskiya?"

Na juya maganar ta kowace fuska, na ga duk amsar da mai duban ya bayar sai ta zama ƙarya. Ya ce masana sun daɗe da tabbatar da wannan tun kafin a haife mu, babu mai duba guda da zai iya da kowane furogiram. Amma ya ce kada in fake da wannan. Wai don babu maganin da ke warkar da kowace cuta ba shi ne zai hana a duba majinyacin da ke gabanka ba. Sai ya tambaye ni, "A naka furogiram ɗin, mene ne yake raguwa a kowane zagaye?" Na duba a raina. Babu. Ya ce to karanto min takardar.

Na fara karantawa yana ji, kansa a sunkuye. A shafi na farko akwai Malam Idi, ya ce kada a yi masa kafin yayansa Malam Haruna. A shafi na biyu akwai Malam Shehu limamin unguwa, ya ce kada a yi masa kafin Malam Idi, domin 'yarsa yake aure, ba zai shiga gaban surukinsa ba. Muka wuce. Can ƙasan shafi na huɗu na karanto Malam Haruna, ya ce shi yana ɗaukar karatu a wajen Malam Shehu, ba zai yarda a shiga gonarsa kafin ta malaminsa ba.

Malam Tukur ya ɗaga hannu. "Maimaita ukun nan."

Na maimaita. Haruna kafin Idi, Idi kafin Shehu, Shehu kafin Haruna. Mutum uku masu mutunci, kowa ya je wajen sakatare shi kaɗai ya yi wa na gaba da shi kara, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Babu jerin da zai gamsar da su duka, ko za a yi ta yamutsawa har tashin duniya. Abin da kwamfuta biyu suka kasa faɗa min a kwana huɗu, tsoho mai raunin ido ya gano shi kafin shayin da aka kawo mana ya huce. Kuma gonakin mutum ukun nan duk a tudu suke, ko bayan mako biyu aka yi musu babu abin da zai same su.

Tun daga zauren na kira Alhaji Sule. Na ce ya tara su a ƙofar Dagaci, ga ni nan. Na hau mashin, ban tsaya jiran mota ta cika ba. Muna wuce Kafur na ga gabas ta haɗe. Na ce wa mai mashin ya ƙara wuta, ya ce Malam wannan ba na tserewa ba ne. A rumfar wani mai faci muka fake, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya fi awa uku. Ina tsaye ina zaune, takardar a cikin rigata, ina kallon kwata tana cika tana batsewa.

Da na isa na yi musu bayani, mutum ukun suka kalli juna suka fashe da dariya. Malam Haruna ya ce to a fara da malam. Malam Shehu ya ce a'a, Baba Idi dai. Malam Idi ya ce ina, ga yaya a zaune. Suka sake ɗaura zagayen a gabana da bakinsu. Dagaci ne ya raba gardama, ya ce a yi musu bisa shekaru, a cire sharaɗin Malam Haruna. Na koma Funtua na goge layi ɗaya, na kunna, kafin in gyara zama firinta ta fara kuka. Inna Hajara ce ta biyu a jerin.

Laraba na kai takardar da hannuna, na bi tarakta har gangaren fadama. Direba ya sauka, ya taka bakin gonar, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Ya ce in ya shiga nan sai an kawo wata taraktar ta ja shi. Alhaji Sule ya roƙe shi, ya ce Alhaji ba ƙi na yi ba, ka gani da idonka. Ya juya ya tafi gona ta uku.

Inna Hajara tana tsaye a kan kunya da buhun irin da ta ɗauko tun safe. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ne mai kwamfutar, laifin nawa ne. Na shiga yi mata bayani, wai abin yana ta aiki ne, ban san ko zai gama ba, ina tsoron in kashe alhali saura kaɗan. Ta saurare ni har na ƙare, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ni ban san kwamfuta ba. Amma ko wake na ɗora na ga ya wuce lokacinsa, buɗe tukunyar nake in duba."

A shekarar abin da ta iya yi da fartanya ita da 'ya'yanta bai kai kwatan gonar ba, sauran ciyawa ta cinye. Ƙungiya ta tara mata abin da ya samu a kaka, ni ma na kai nawa, ta karɓa ta yi godiya, ba ta sake tayar da maganar ba. Ni ne ban daina ba. Har yau in na kunna wani aiki na ga ya wuce minti biyar ba na iya zama, sai in tashi in ɗauko takarda.

Don haka in kun ce min a sake shi a gani, tambayata biyu ce. Mene ne yake raguwa a kowane zagaye, kuma in an kai ƙarfe nawa za ku daina kallon allo ku buɗe ku karanta? Ku rubuta amsar a saman takarda kafin ku taɓa makunni. Wanda bai rubuta ba ya tashi min daga kujera, domin duk aikin da aka kawo muku akwai mai jiransa a wani wuri, ita kuma tana tsaye ne a bakin gona da buhun iri, hadari yana haɗowa.